Aibun 'yan tsanan jarumai ba tsautsayi ba ne, a masana'anta ake haifar shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, muna roƙon ka ba mu fili mu yi bayani kan wani reshe na sana'ar roba da ba a cika zancensa ba, wato 'yan tsanan jarumai masu motsin gaɓoɓi, irin waɗanda manya ke saye su tara, su jera a kanta. Harkar ta kankama ne tun 1964, lokacin da kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da 'yar tsanar soja mai suna G.I. Joe, mai tsawon kusan inci 12. Yau akwai su Bandai da Good Smile a Japan, da Hot Toys a Hong Kong, da McFarlane da NECA a Amurka. Akasarin ƙirar kuwa a lardin Guangdong na kudancin Sin ake yin ta, musamman wajejen Dongguan, sai wani kaso da ya koma Biyetnam.

Kukan masu saye ɗaya ne ko'ina. An buɗe kwali, hannu ya karye a lanƙwasar farko. Ido ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ƙafa ta ƙi ɗaukar gangar jiki. Da yawa sukan ce rashin sa'a ne. Mu a namu ganin kusan kowane aibu yana da wurin da aka haife shi, kuma waɗanda suka fi muni su ne waɗanda ba sa nuna kansu ranar da mai duba inganci ya shigo masana'anta.

'Yar tsana ɗaya mai inci 6 takan haɗa sassa fiye da talatin, kuma ba roba iri ɗaya ba ce. Kai da hannuwa da ƙafafu da alkyabba galibi PVC ne, domin yana ɗaukar zanen fuska da na tufafi sosai, yana kuma da ɗan laushi. Ƙirji da ƙugu da makamai sukan zama ABS, mai tauri da riƙe siffa. Ƙananan ƙusoshi da faya-fayan da ke cikin gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa ya kamata su zama POM ko nailan, saboda suna da santsi kuma suna jure gogayya. Kowace irin roba da yadda take tsukewa idan ta huce bayan zubi. ABS yakan tsuke da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, POM kuwa kusan kashi 2. A kan ƙusar gaɓa mai kaurin milimita 3, bambancin ya kusa milimita 0.05. Ido ba zai gani ba, amma shi ne tsakanin gaɓar da ke riƙe takobi a sama da wadda ke reto. Don haka idan an sassaƙa mazubin ƙarfe da lissafin wata roba, daga baya aka sauya ta don rage kuɗi ko don neman wani launi, an riga an ɓata gaɓar tun ba a zuba ko ɗaya ba.

Zancen launi ba ƙarami ba ne. Roba garau mai nuna ciki, wadda ake yin wuta ko ƙanƙara ko fatalwa da ita, ta fi mai duhu gautsi. Duk 'yar tsanar da aka yi wa ƙusar wuyan hannu ko ta idon sawu da irin wannan roba, karyewarta lokaci kawai take jira. Mai ƙira da ya san aikinsa yakan bar ƙusar da POM ko da launinta bai zo daidai ba, ya ɓoye ta cikin gaɓa.

A wajen zubi, ana narka ƙwayoyin roba ne a cikin inji, a harba su da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, a riƙe matsi na 'yan daƙiƙoƙi, a bari su huce, sannan mazubi ya buɗe. ABS yana narkewa a wajen digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyas, PVC ƙasa da haka sosai, kuma yana saurin ƙonewa idan ya daɗe a cikin inji. Kafin a zuba ABS sai an busar da ƙwayoyinsa a kusan digiri 80 na awa biyu zuwa huɗu. In aka yi gaggawa aka tsallake wannan, laimar da ke ciki ta zama tururi, sai ka ga zane-zane farare kamar azurfa a jikin kayan, kuma ƙarfinsa ya ragu. In matsi ya yi kaɗan ko robar ba ta yi zafi sosai ba, ba ta kai ƙarshen mazubi, sai yatsa ya fito guntu ko bakin takobi ya fito a dakushe. In matsi ya yi yawa, ko bakin mazubin ya ci, roba ta tsartu ta tsakanin ɓari biyun ta bar geza siririya a gefen hannu ko cinya. Geza a waje muni kawai ce, ana kankare ta da wuƙa. Geza a cikin gurbin gaɓa ita ce matsala, domin tana cije gaɓar. Inda roba ta yi kauri da yawa, kamar cinya ko kafaɗa, waje yakan daskare kafin ciki, sai cikin ya ja fatar ta lotsa. Inda iska ta rasa kafar fita, matsi yakan zafafa ta har ta ƙona robar, ta bar baƙin tabo a ƙarshen sashen.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka haɗari, kuma da ƙyar ake ganin sa. Idan narkakkiyar roba ta zo ta iske wani ginshiƙi a cikin mazubi, kamar wurin da zai zama ramin ƙusa, takan rabu biyu ta zagaye shi ta haɗu a baya. A wurin haɗuwar ta riga ta ɗan huce, ba ta narkewa cikin juna gaba ɗaya. Wannan layin haɗuwa shi ne wuri mafi rauni a sashen. Idan mai sassaƙa mazubi ya sa ƙofar shigar roba a inda layin zai faɗo daidai kan zoben kafaɗa, to duk kafaɗar da ta fito daga wannan mazubi tana ɗauke da tsaga a ɓoye. Shi ya sa wani lokaci za ka ji mutane a ƙasashe daban-daban duk tasu ta karye a wuri guda, hannu guda. Wannan ba aikin ma'aikaci ɗaya da ya yi sakaci ba ne, laifin ƙira ne, kuma canjin kaya ba ya maganinsa, domin wadda za a ba ka daga mazubin nan ta fito.

Sai batun niƙaƙƙiyar roba. Ragowar da ke daskarewa a hanyoyin mazubi, da sassan da suka lalace, masana'antu sukan niƙa su su mayar cikin sabuwar roba. In kaɗan ne ba laifi. Amma duk narkawa tana rage wa roba ƙarfi, kuma in an cika ta a ƙananan sassa masu ɗaukar nauyi, gautsi ya shigo. Haka kuma mazubin kansa yana tsufa. Mai kyau na ƙarfe mai tauri yana iya zubi dubban ɗaruruwa, amma kamfanoni sukan ɗauki gangar jiki ɗaya su yi ta fitar da jarumai daban-daban da ita shekara da shekaru, domin sassaƙa mazubi shi ne kashin bayan kuɗin aikin. Jarumin farko ya fito tsaf, na goma sha ya fito da geza da sakakkun gwiwoyi.

Fenti ne ya fi jawo surutu, domin shi ido ke fara gani. Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai fesawa ta cikin murfin jan ƙarfe da aka ƙera daidai siffar sashen, mai ɓoye inda ba a so fenti ya taɓa. Murfin nan fenti yana taruwa a bakinsa, in ba a wanke shi a kai a kai ba, layi ya daina fita tsaf, launi ya tsallaka iyaka. Akwai bugu da tambarin silikon mai laushi, wanda ke ɗauko tawada daga farantin da aka zana ya danna a kan sashen, launi ɗaya bugu ɗaya. Sai kuma buga fuska da na'ura mai fesa ɗigo-ɗigon tawada, wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan. Duk ukun sun dogara ne ga mariƙin da ake ɗora kan 'yar tsana a kai. A ma'aunin ɗaya bisa goma sha biyu, wato mai inci 6, ƙwayar ido ba ta wuce faɗin milimita ɗaya ba. Kai ya zauna a karkace da milimita 0.2 kawai, ƙwayar ta gusa da kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta, jarumi ya zama mai harara garke. Da yake kan PVC ne mai laushi, yana iya fitowa daga zubi da ɗan bambanci da ɗan'uwansa, mariƙi kuwa ɗaya ne.

Fentin da ke ɓarewa kuma asalinsa sau da yawa maiƙo ne. Ana fesa wa mazubi wani mai don kaya su fita da sauƙi, in ba a wanke sassa ba kafin fenti, fentin yana kwance ne a kan mai. Gwajinsa sananne ne kuma ba shi da tsada: a tsattsaga fentin da reza gida-gida, a manna salatif, a fizge, a duba gida nawa suka tashi. Masana'antar da ba ta yin wannan a kowane rukunin kaya ba ta da uzuri. Wani kuskuren shi ne zuba gaɓa da launi ɗaya a shafe ta da wani. Gwiwa wurin gogayya ce, lanƙwasa kaɗan fentin ya goge, asalin launin ya leƙo. Gaɓa a zuba ta da launinta tun farko.

Wajen haɗawa hannun mutane ne, kuma da sauri ake yi. Ana ɗumama sassan PVC su yi laushi, a cusa ƙusoshi. A nan ake samun hannun hagu biyu, ko damtsen dama a hagu, ko kayan haɗi ɗaya ya ɓace daga kwali. A nan ne kuma ake haɗa sassa fenti bai gama bushewa ba, ko gam ya zurara cikin gurbi, gaɓa ta manne. Mai saye ya zo ya murɗa da ƙarfi, ƙusa mai kaurin milimita biyu ta murɗe ta tsinke. Masu harkar sun san cewa kayan da aka yi gab da hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, da waɗanda aka yi bayan an dawo, suna bukatar ƙarin sa ido, domin kafin hutu ana rige-rigen cika oda, bayan hutu kuma sababbin hannaye sukan yi yawa a layi.

To ina masu duba inganci duk wannan na faruwa? A nan ne mutane suka fi rashin fahimta. Idan an ce an duba kaya, ba ana nufin an buɗe kowace ɗaya ba. Tsarin da aka fi bi shi ne na ma'aunin ISO 2859-1, wanda ake kira AQL, wato iyakar aibun da za a iya yafewa a rukunin kaya. A matakin dubawa na gama-gari, idan rukunin kaya ya kai tsakanin 3,201 da 10,000, guda 200 ake zara. Ana raba aibu gida uku. Mai haɗari ga lafiya, kamar tsini mai yanka, ba a yarda da ko ɗaya ba. Babban aibu, kamar karyayyar gaɓa ko ɓataccen sashe, galibi ana sa shi a ma'aunin 2.5, ma'ana in an sami 10 ko ƙasa da haka cikin 200 ɗin kaya sun wuce, in sun kai 11 an ƙi su. Ƙaramin aibu, kamar ɗigon fenti, a ma'aunin 4.0, ana yafe har 14. Ga abin da lissafin ke nufi: rukunin guda 10,000 da ke da babban aibu a kashi 5 cikin ɗari, wato 'yan tsana 500, ya fi kusa da wucewa a kan a ƙi shi. Ba maguɗi ba ne, haka tsarin yake, an gina shi ne don kare mai oda daga rukunin da ya lalace ƙwarai, ba don a tabbatar wa kowane mai saye tasa lafiya take ba.

Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne wa ke yanke cewa wannan aibu babba ne, wancan ƙarami. Mai dubawa yana riƙe da samfurin da kamfani ya sa wa hannu, da takardar da ta lissafa aibobi, yakan duba daga nisan kamu ɗaya ko biyu na 'yan daƙiƙoƙi. In takardar ta ce karkacewar ido ƙaramin aibu ne, to ƙarami ne, alhali ga wanda ya sayi kayan saboda fuskar, shi ne aibun gaba ɗaya. Kuma hoton da ake tallar kaya da shi sau da yawa na samfurin farko ne da ƙwararre ya yi wa fenti da hannu, ba wanda ya bi layin masana'anta ba.

Dokokin da ke akwai lafiyar yara suke karewa, kuma sun yi amfani. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda dalma a fenti, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke fita. Shekara ɗaya bayan haka Amurka ta yi dokar da ta sauko da iyakar dalma a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa 90. Ma'aunin EN 71 na Turai ya tanadi a saki abin wasan ƙananan yara daga tsayin santimita 85 sau biyar a kan farantin ƙarfe, a ja sassansa, a murɗa su, a ga ko wani ƙaramin abu zai fita wanda zai shige bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, wato wanda yaro zai iya haɗiyewa ya shaƙe. Amma kayan da aka rubuta wa shekara 14 zuwa sama a matsayin na masu tarawa, dokar kayan wasa ta Turai ba ta ɗauke su abin wasa ba. Saboda haka mai tsadar ba lallai ne ta sha gwajin da mai arahar ta sha ba, kuma bai kamata a miƙa wa ƙaramin yaro ita ba. Ko a inda aka yi gwajin, ba ruwansa da ko gwiwa za ta ci gaba da riƙewa bayan shekara biyar.

Aibun da ke zuwa daga baya shi ne wanda babu mai dubawar da zai kama. PVC ba ya laushi da kansa, sai an cuɗa shi da wani mai. Da tafiya ta yi tafiya, musamman a wuri mai zafi ko a cikin kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, man yakan tsattsafo, jikin 'yar tsana ya yi danƙo. In sashen PVC ya daɗe manne da roba mai tauri, kamar makami a hannu ko madogarar da ake tsayar da ita, man yakan ci fuskar mai taurin ya bar tabo kamar narkewa. Farin ABS yana komawa rawaya da hasken rana. Rigunan fatar kanti da ake ɗinka wa manyan 'yan tsana na ma'aunin ɗaya bisa shida, fuskarsu ta roba ce da laima ke ruɓar da ita, bayan 'yan shekaru ta fara ɓarewa ko ba a taɓa ta ba. Baƙin yadi yakan zubar da rini ya shiga jikin roba mai launin fata, kuma ba ya fita da wanki. Masu tara Transformers, wato mutum-mutumin da ke rikiɗa ya zama mota ko jirgi, sun san robar nan mai launin zinariya ta ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, wadda ke rugurgujewa da ɗan matsi kaɗan. Ƙananan G.I. Joe da aka fara fitarwa a 1982 kuma zoben danƙo ne a ciki yake riƙe ƙirji da ƙugu da ƙafafu, in ya tsufa ya tsinke jarumi ya watse. Wannan na biyun aƙalla yana da sauƙi: sukuru ɗaya ne a baya, a kwance, a sa sabon zobe. Ƙirar da ta bar ƙofar gyara ta fi wadda aka manne ƙirjinta har abada.

Ga mai saye, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a tilasta wa gaɓar da ta cije. A tsoma ta cikin ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 na kusan minti ɗaya, ko a busa mata na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, PVC ɗin da ke kewaye da ƙusar ya saki, sannan a motsa a hankali, a riƙe kusa da gaɓar, a bi inda aka ƙera ta ta lanƙwasa. In fari ya fara bayyana a kan roba, alamar tana gab da tsagewa ce, a dakata. Ƙafa ko takobin da ya tanƙware saboda matsin kwali ko zafin kwantena, haka ake yi masa: ruwan zafi, a miƙar, a tsoma cikin ruwan sanyi yana miƙe. Gaɓar da ta saki ana ƙara mata kauri da ɗigon fenti garau mai haɗin ruwa, a riƙa motsa ta har ya bushe. Sufa gulu yana yi, amma in an yi sake ya manne gaɓar, kuma tururinsa yana barin farin hazo a kan fenti. Kada a kusanto da man goge farce ko tina, suna narka ABS. Kada a sa man inji ko man shafawa na fetur a gaɓa, suna iya sa roba mai tauri ta tsage, man silikon kaɗan ya wadatar. Danƙon PVC yana fita da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, ko da yake yakan dawo. Abin da ba ya gyaruwa a gida, wato karyayyar ƙusa, ɓataccen sashe, fuskar da aka buga a karkace, a ɗauki hotonsa tare da lambar rukunin da ke jikin kwali ko ƙarƙashin ƙafa a kai wa mai sayarwa da wuri. Lambar nan ita ke nuna wa kamfani ranar da aka yi kayan da masana'antar da ta yi.

A kuma yi hattara da jabu. Masu yin sa sukan kwafi siffa daga 'yar tsanar da aka gama, shi ya sa tasu ke fitowa 'yar ƙarama kaɗan, zanen ya dushe, gaɓoɓi ba su dace ba, ga wari mai ƙarfi, kuma babu wanda ya gwada fentin.

Ga kamfanoni kuwa, bukatunmu ba masu tsada ba ne in aka kwatanta da kuɗin mazubi. Aibun fuska ya koma sahun babban aibu, kuma a duba kowane kai ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa, domin jefar da kai ya fi jefar da cikakkiyar 'yar tsana sauƙi. A gwada gaɓoɓi da lanƙwasa ɗaruruwa a kan samfuri, a auna ƙarfin riƙonsu kafin da bayan. A ajiye samfuri a ɗakin zafi da laima na wasu makonni kafin a amince da yadi ko fatar kanti ko sabon launin roba. A hana niƙaƙƙiyar roba shiga ƙusoshin gaɓa. A nuna wa mutane hoton abin da ya fito daga layi kafin su biya. Sannan a zuba rarar hannuwa da kawuna da ƙusoshi tare da kowane rukuni a ajiye, yadda wanda ƙusar wuyan hannunsa ta karye zai sami ƙusa a ambulan, ba sai an ce masa kaya sun ƙare ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'aikatan zubin roba da duba ingancin kaya